Garkuwan Demsawo Ya Killace Karensa

Duk wanda ya kwana lafiya a unguwar Demsawo ta Jimeta, ya tashi ya tarar da takalminsa a inda ya ajiye shi, to bayan ya gode wa Allah sai ya gode wa Alhaji Bobboyi. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya faɗin magana sau ɗaya ya bar ta ta huta. Yakan faɗe ta a bakin masallaci, ya maimaita a teburin mai shayi, in ya ga mutum ya miƙe zai tafi ya raka shi da ita har bakin titi, ya riƙe ƙarfen keke Napep sai ya ƙarasa.

Dogo ne, mai tumbi daidai da matsayinsa, hularsa kullum a karkace kamar tana sauraron abin da kunnensa na dama zai ce. Ya yi shekara talatin da biyar a wata ma'aikatar gwamnati, wadda ba sai mun kama sunanta ba, ya yi ritaya yana Mataimakin Darakta mai kula da bukukuwan ƙaddamar da ayyuka. Kada ka raina wannan kujera. Injiniya gini kawai ya iya, Alhaji kuwa shi ya san yadda ake sa gini ya yi kama da an gama shi. Shi ne ya taɓa ƙaddamar da rijiyar burtsatse da ruwan da tanka ta juye a tanki da safe, babban baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Shi ne ya buɗe ɗakin shan magani da gadajen aro, waɗanda suka koma gidansu kafin la'asar. Ya san bangon da ake shafa wa fenti, ya san wanda ake jera makaɗa a gabansa don su tare shi. Ilimi ne da ba a koyarwa a jami'a, kuma Alhaji ya haddace shi har ya wuce malamansa.

Jarumtakarsa kuwa tarihi ya shaida. Shekarar da garuruwan arewacin jihar nan suka faɗa hannun 'yan ta'adda, motoci suka yi ta shigowa Jimeta cike da mutane da katifu da kuka, kusan kowane gida a Demsawo ya buɗe ƙofarsa. Maƙwabcinsa na baya, Malam Apollos, malamin firamare, a baranda ya riƙa kwana don ya bar wa baƙi ɗakinsa. Waɗannan kwanaki ba abin dariya ba ne, kuma ba zan yi musu dariya ba. Alhaji dai a wannan makon ne ya tuna yana da ɗan'uwa marar lafiya a Jalingo. Ya tafi dubiya da matarsa da firij da talabijin. Ɗan'uwan nan kuwa bai samu sauƙi ba sai ranar da rediyo ta ce an ƙwato garuruwan. Da Alhaji ya dawo ya bayyana wa jama'a cewa nazarin hanyar ja da baya ya je yi, domin kwamanda na ƙwarai ba ya jiran sai ranar gudu sannan ya fara tambayar hanya. Tun daga lokacin ya naɗa kansa Garkuwan Demsawo. Ba a yi kiɗa ba, ba a naɗa rawani ba, amma ya sa an rubuta a gilashin bayan motarsa.

Sai dai sarautar da mutum ya ba kansa ba ta ƙosarwa. Tun da ya bar ofis wayarsa ta daina ƙara, ba mai miƙewa in ya shigo, ba mai ajiye masa kujera mai hannu a wurin ɗaurin aure. Wannan abu yana cinsa a rai fiye da yadda zai iya gaya wa kowa, kuma ni kaina a nan nakan ji tausayinsa, kafin ya buɗe baki.

To ana nan, 'yan shila, samarin nan masu ƙwacen waya, suka addabi unguwa. Jauro Hamman, mai unguwar, dattijo ne da ba ya ɓarnar kalma, ya tara magidanta ya ce za a kafa kwamitin tsaro, kuma bayan Babbar Sallah zai faɗi wanda zai shugabance shi. Alhaji ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. Shugaban Kwamiti! Kujera ta gaske, wadda wani ne zai ba shi a gaban mutane. Ya dawo gida ranar bai iya cin tuwo ba. Ya san ana ambaton Malam Apollos, wanda ba shi da komai sai kirki da tsohon babur, don haka ya ƙudura zai kawo abin da Apollos ba zai iya kawowa ba. Zai kawo kare.

A tashar mota ya samo shi, wurin wani mutum mai baƙin tabarau wanda ya rantse cewa karen daga Garwa ya fito, jandarmomin Kamaru ne suka horar da shi, ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci, sai Faransanci tsantsa. In ka dube shi da idon jahilci za ka ce karen ƙauye ne, ja, siriri, haƙarƙarinsa a waje, irin wanda ke bin mata zuwa rafi. Alhaji ya dube shi da idon ilimi ya ga mayaƙi. Ya raɗa masa suna Janar.

Matsala ɗaya ce, ko biyu. Ta farko, Faransancin Alhaji bai wuce bonjur da mersi ba, don haka duk umarnin da zai ba Janar da su yake bayarwa. In yana so ya zauna ya daka masa tsawa, “Bonjur!” In yana so ya tashi ya ce, “Mersi!” Janar kuwa yakan dube shi ya yi hamma. Ta biyu, Alhaji mutum ne mai kiyaye alwalarsa. Malamai sun halatta ajiye kare don gadi, amma ba su ce yawunsa ya zama ruwan zamzam ba. Saboda haka bai taɓa shafa kan Janar ba, bai taɓa miƙa masa abinci ba, bai ma taɓa matsawa kusa da shi ba. Daga baranda yake duba rundunarsa, babbar riga a tattare a hammata. Matarsa, Goggo Aishatu, tun ranar farko ta gindaya sharaɗinta: kare ya doshi madafinta, to ita ta doshi gidan iyayenta a cikin Yola. Aka ɗaure Janar a gindin darbejiya a bayan gida, aka bar shi da kwano da addu'a.

Janar ya cinye igiyar a yini guda. Aka sa ta roba, ya cinye. Aka sa sarƙa, ya zare kansa daga ciki kamar mai cire hula, ya fita zaga gari.

Zagayen farko ya kai shi gidan Malam Apollos, inda matarsa Edna, wadda unguwa ke kira Maman Joel, take bandar kifin Binuwai a bayan gida tana sayarwa. Ta ga kare ya tsaya yana haɗiyar yawu, ta jefa masa kan tarwaɗa, ta kira shi Bingo. Abin mamaki, karen da ba ya jin komai sai Faransanci ya amsa nan take, har da kaɗa wutsiya. Daga ranar ya ɗauki gidan Alhaji wurin kwana, gidan Maman Joel wurin aiki. Cikin ɗan lokaci haƙarƙarin ya ɓace, wuya ya yi kauri, gashi ya kwanta. Alhaji, wanda yake hango shi jefi-jefi daga nesa, ya ce horon da yake ba shi ne ya fara aiki.

Da a gidan kifi ya tsaya da ba a ji kansu ba. Sai Janar ya faɗaɗa sintiri. Ya tarwatsa kajin wata tsohuwa, ya bi mai tallan nono har ta yar da ƙwarya, ya kori ragon layyar Jauro har bakin kwalta. Duk wannan Alhaji ya kira shi atisaye. Abin da ya karya gadon bayan haƙurin unguwa ya faru ne wata ranar zafi kafin azahar, irin zafin Jimeta da ke sa ƙadangare neman inuwa. Janar ya ji ƙishirwa, ya shiga harabar masallaci, ya bi butocin alwala ɗaya bayan ɗaya yana lasar bakinsu, bai nuna wariya ga ko ɗaya ba. Ranar an makara da salla. Dattawa masu furfura suka tsuguna a jere, kowa da butarsa, ana wanki bakwai ɗaya da ƙasa, Modibbo liman yana tsaye a kansu yana karanta abin da ba a jin ƙarshensa. Ba wanda ya ambaci sunan Alhaji, amma duk wanda ya ɗago kai gidansa yake kallo.

Da yamma Jauro ya aika aka kira shi. Alhaji ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya kira shi da kalmar girmamawa ta Fulani, ya ce, “Barkama, Allah ya ja zamaninka, abin da ya faru ƙaramin kuskure ne na sadarwa tsakanin rundunar da hedikwata.”

Jauro ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Alhaji Bobboyi, mutumin da bai tsare kare ɗaya ba, ta yaya zan ba shi unguwa? Ka killace abinka kafin Sallah. Na sake ganinsa a waje, ka cire ranka daga kujerar nan.”

Da wani ne ya ji wannan magana, da ya sayo waya da turaku, ya kewaye bayan gidansa, ya haƙa ƙasa kaɗan don kada kare ya tona, shi ke nan. Amma wannan aikin talakawa ne. Alhaji ya ga dama ce Allah ya kawo masa. Ya kira wani magini mai suna Boaz, ya tsayar da shi a rana, shi yana inuwa, ya yi masa jawabi.

“Abin da za mu yi a nan ba keji ba ne, kada in ji ka kira shi keji. Barikin Tsaro ne na Musamman. Ina so duk wanda ya shigo gidan nan ya ga ƙofarsa ya ji gabansa ya faɗi. Ina so Jauro ya gani ya san a Demsawo akwai masu tunani irin na ƙasashen waje. Ka gane?”

Boaz ya ce, “Na gane, Oga,” ya tofa yawu a hannu ya ɗauki cebur.

Bayan gidan Alhaji fili ne mai kusurwa huɗu. Gabansa yana kallon tsakar gida, inda baƙi za su tsaya. Bayansa yana kallon wani siririn lungu da ya raba shi da gidan Malam Apollos, kuma abin da ke wurin tun fil azal tsohon zana ne da gara ta gama da shi. Aka fara da gaba. Aka tada bango ya fi tsayin mutum, aka yi masa baka a sama irin na ƙofar gari, aka manna tayil, aka shafa fenti kore da fari. Aka kafa ƙofar ƙarfe mai kwaɗo uku. Aka jera fasassun kwalabe a kai, aka naɗa waya mai ƙaya a kan kwalaben, don ko ɓarawo ya zo satar Janar ya san ya zo wurin manya. Aka gina ɗan dandamali na siminti inda mai jawabi zai tsaya. Aka kafe allon marmara da sunan Alhaji da dukan muƙamansa, har da waɗanda ya riƙe na riƙon ƙwarya. Bangon dama da na hagu su ma aka yi su, ba laifi. Ana zuwa bangon baya bulo ya ƙare, siminti ya ƙare, Sallah kuma ta ƙarato.

Boaz ya share zufa ya ce, “Oga, bayan fa?”

Alhaji ya yi murmushin da manya ke yi wa yara. Ya ce, “Wannan Kashi na Biyu ne. Feis tu. Ba a taɓa aikin da ya amsa sunansa a kashi ɗaya ba.”

Ya aika kasuwa aka sayo tamfol mai ruwan toka, aka cire zanan, aka ɗaure tamfol ɗin a jikin turaku aka ja shi ya miƙe. Ya kira mai fenti ya zana masa layukan bulo a jiki, tsaf, har da inuwar siminti tsakanin bulo da bulo. Wallahi in ka tsaya a bakin ƙofar ƙarfen ka leƙa, ba abin da za ka gani sai bango huɗu. Alhaji ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya duba, ya ji ƙwalla ta taru masa. Hannunsa bai manta sana'a ba.

Goggo Aishatu ta fito da tsintsiya ta tsaya tana kallo. Ta ce, “Alhaji, shi karen an gaya masa bango ne?”

Ya ce, “Aishatu, harkar gwamnati ba ta mata ba ce. Shekara talatin da biyar ina wannan aiki, ban taɓa ganin babban baƙon da ya zaga baya ba. Baƙo gaba yake tsayawa, ya yanke ƙyalle, ya ci abinci, ya tafi.”

Ta ce to, ta ci gaba da shararta. Kowa ya sayi rariya ai ya san tana zubar da ruwa.

Har ranar bikin buɗe barikin, wanda aka sa bayan Sallah, ba a saka Janar a ciki ba, domin a ƙa'idar Alhaji haramun ne a yi amfani da aiki kafin a ƙaddamar da shi. A tsohon ɗakin ajiya aka kulle shi, yana ta kuka, Maman Joel tana jefo masa kan kifi ta taga. Da safiyar bikin Boaz ya jawo shi, ya ɗaura masa jan ƙyalle a wuya mai rubutun JANAR da ruwan gwal, ya tura shi ciki, aka datse kwaɗo uku, aka miƙa wa Alhaji makullan a kan faranti.

Tsakar gida ta cika. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an kawo lasifika mai tari. Jauro yana gaba a kujera mai hannu, Modibbo liman a damansa ya tattare rigarsa tun kafin a ga kare. Malam Apollos da Maman Joel suna layi na biyu. An dafa shinkafa da miyar kifi, kifin ma a wurin Maman Joel aka saya, an jera kuloli a gefe ƙamshi yana tashi yana bin iska. Alhaji ya hau dandamali cikin shadda mai ƙara, ya manna tabaran karatu a karan hanci, ya buga lasifika da yatsa.

“Barkama Jauro, Modibbo, manyan baƙi, maza da mata, ina tsaye a kan dukan furotokol. Yau rana ce da tarihi zai ajiye. Lokacin da wasu suke barci, mu muna tunani. Lokacin da wasu suke ganin tsaro shi ne tocila da gora, mu mun haye wannan mataki tun tuni. Abin da ke bayana ba bango ba ne kawai, falsafa ce. Na yi nazarin katangun duniya, na ɗauki darasi daga kowacce, na gyara kurakuransu. Ina tabbatar wa Jauro, daga yau ko ƙuda ba ya fita daga wurin nan sai da izinina a rubuce.”

Aka tafa. Ya ji daɗin tafin, ya koma farkon tarihin rayuwarsa.

Janar dai ba ya cikin waɗanda aka raba wa takardar gayyata, amma hancinsa ya samu tasa. Ya shinshina bangon gaba, bango ne. Ya shinshina na dama da na hagu, bango ne. Ya je na baya ya ga iska tana kaɗa shi. Kare bai yi boko ba, bai san Kashi na Biyu ba. Ya sa kai a ƙarƙashi ya wuce, jan ƙyallen ya maƙale a ƙusa ya bar shi nan. Ya bi lungu, ya zaga ta titi, ya shigo ta babbar ƙofa kamar kowane baƙo mai mutunci. Ya ratsa tsakanin kujeru, ya samu wuri a gaban Maman Joel, ya zauna a kan wutsiyarsa yana kallon mai jawabi. Duk taron nan ba wanda ya kai shi natsuwa.

Modibbo ya ɗage ƙafafunsa sama a hankali. Maman Joel ta toshe baki da gefen zani. Jauro ya dubi kare, ya dubi ƙofa mai kwaɗo uku. Aka fara ƙus-ƙus daga baya, har ya iso gaba.

Alhaji ya ɗago kai don ya ga abin da ke raba hankalin jama'a da shekararsa ta uku a firamare. Ta saman tabarau ya hango wani kare ja, mai ƙiba, wuya ba ƙyalle, zaune a tsakiyar manyan baƙinsa. Janar ɗin da ya sani yana da jan ƙyalle, kuma yana bayan kwaɗo uku da makullansu ke gabansa a faranti. Ransa ya ɓaci, amma nan take ya ga wata damar. Ya nuna karen da yatsa.

“Alhamdu lillahi! Jama'a, ga misali Allah ya kawo mana har gida. Ku dubi wannan abin. Ba tarbiyya, ba horo, ba asali. Wane sakarai ne ya saki karensa yana yawo a cikin mutane, a gaban Jauro, a gaban liman? Irin waɗannan mutane su ne matsalar ƙasar nan. Barkama, in da ni ne shugaban kwamiti, kuma in sha Allahu ni ne, mai wannan kare ba tara zan ci shi ba, tara ba ta koya wa mutum hankali. Kujera zan ba shi, in zaunar da shi a inda karensa yake fita, ya tsare shi da jikinsa, safe da yamma, har sai ya gina abin da ya kamata. A nemo mai shi!”

Maman Joel ta kasa daurewa. Ta ce, “Baba, ai naka ne. Bingo ne, wanda Goggo ya hana shi shiga kicin.”

Alhaji ya yi dariyar tausayi. “Maman Joel, kifi kika sani. Nawa yana ciki.” Ya juya ga karen ya daka masa tsawa don ya kore shi, sai dai tsawar da bakinsa ya saba da ita ce ta fito. “Bonjur!”

Karen ya dube shi ya yi hamma.

Wannan hamma Alhaji ya san ta. Amma mai rawa ba ya tsayawa don ganga ta fashe a tsakiyar fage, sai ya yi maza ya miƙa wa Jauro almakashi. Jauro ya yanke ƙyallen da aka ɗaura a ƙofar. Aka buɗe kwaɗo na ɗaya, na biyu, na uku. Ƙofa ta buɗe da ƙara mai ban tsoro, jama'a suka leƙa.

Kwano ne a tsakiyar fili, shi kaɗai. A can ƙarshe bangon baya yana rawa a iska, gindinsa a ɗage, jan ƙyalle yana lilo a ƙusa. Ta ƙarƙashin bulon ana hango kajin Maman Joel suna kiwo a lungu.

Nan fa Jauro Hamman ya yi abin da babu babban baƙon da ya taɓa yi a tarihin aikin Alhaji. Ya tattara rigarsa, ya taka har ƙarshen filin, ya sa sandarsa ya ɗaga bangon, ya leƙa lungu, ya sake shi. Ya dawo a hankali ya zauna.

Alhaji ya bi shi yana cewa, “Barkama, wannan Kashi na Biyu ne, yana cikin tsari, an riga an kafa ɗan ƙaramin kwamiti...”

Jauro ya ɗaga hannu. Ya ce, “Alhaji Bobboyi, yau ka yi magana mai kyau, ban taɓa jin hukunci mai adalci irin wanda ka yanke ba. Na karɓa, ban ƙara ba, ban rage ba. A ba shi kujera.” Sannan ya waiwaya layi na biyu. “Malam Apollos, kai ne shugaban kwamiti. Aikinka na farko, ka riƙa leƙawa kana ganin yana wurin.”

Aka yi fatiha, aka buɗe kuloli. Janar ne aka fara zuba wa.

Yanzu in ka bi lungun nan da ke bayan gidan, za ka tarar an naɗe tamfol, domin Jauro ya ce a daina yi wa kare ƙarya. A gurbinsa akwai kujerar roba, a kan kujerar akwai Garkuwan Demsawo, da sanda a hannu da rediyo a cinya. Bulo bai samu ba tukuna, kuɗin fansho sai an gani. Duk wanda ya wuce ya ce masa sannu da aiki, yakan gyara hula ya bayyana cewa Jauro ya duba unguwa kaf bai ga wanda zai iya riƙe wannan fagen daga ba sai shi. Janar yana kwance a inuwa yana sauraro, ba ya gardama. Yakan jira a yi azahar, a kawo wa Alhaji tuwo, ya ci, kansa ya fara rinjaya gefe, sannan ya miƙe ya yi miƙa, ya bi ta ƙarƙashin kujera ya tafi wurin aiki. Kafin la'asar ya dawo ta hanyar da ya fita, yana warin kifi.

Rannan Maman Joel ta leƙo ta kan katanga ta tarar da Goggo Aishatu tana kwashe kwanukan da aka ci. Alhaji yana minshari, Janar ba ya nan. Ta rage murya ta ce, “Goggo, yaya sabon bangon naku? Yana aiki?”

Goggo Aishatu ta dubi mijinta, ta dubi kwanon da ya sharce har ba sai an wanke ba. Ta ce, “Maman Joel, tamfol ɗin ya fi. Shi ba a dafa masa abinci.”